Labbo Ƙanƙara da Ramin Marmara

An haifi Labbo a wani ɗan ƙauye yamma da Yekuwa, a gidan manoma masu gero da wake. Su biyu ne maza a wurin ubansu, shi da wansa Hamman. Hamman dogo ne, mai faɗin ƙirji da sakin fuska, in ya yi dariya a gona sai an ji shi a bakin rijiya. Labbo kuwa siriri ne, ba ya son magana, in yana tafiya idonsa na ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Ba wanda ya ƙi shi a garin, ba kuma wanda ya damu da shi ƙwarai.

A shekarar da Nasara ya aiko a ba shi samari na soja, mai gari ya ce gidansu zai ba da mutum ɗaya. Uban bai daɗe yana tunani ba. Hamman ya yi aure, matarsa Ɗela tana da ciki, kuma shi ne ƙarfin gonar. Sai tsohon ya ce, "Labbo zai tafi." Ba wanda ya tambayi Labbo. Hamman ya ɗaukar masa ƙunshin kayansa ya raka shi har bakin barikin Magaria, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ka yi haƙuri, ƙanena, ba za ka daɗe ba." Daga nan ya juya da sauri, don gero ya nuna kuma tsuntsaye sun fara sauka.

Daga Magaria aka kai su Damagaram, daga can suka yi ta tafiya, a ƙasa, a mota, a jirgin ruwa, har Labbo ya daina tambayar sunayen garuruwa. Inda aka sauke su a ƙarshe duwatsun ƙasar Maroko ne. Aikin rundunarsu shi ne kai abinci da harsashi a bayan alfadarai zuwa ƙananan barikokin da Nasara ya gina a kan tsaunuka. A can Labbo ya fara ganin dusar ƙanƙara. Tana saukowa daga sama shiru, fara kamar audugar da aka shiɓe, ta kwana tana zuba, gari ya waye ba hanya, ba dutse, ba itace, sai fari. In ta yi nauyi a jikin gangare, wata rana sai ta ɓalle gaba ɗaya ta gangaro, ta tafi da duk abin da ta tarar.

Shugabansu wani sarzan ne, wato saje, gajeren Nasara mai jan gemu, wanda aka haifa a irin waɗannan duwatsu a ƙasarsu. Ya san halin ƙanƙara kamar yadda manomi ya san halin gonarsa. Duk sanda ta zuba da yawa, kafin su ratsa gangare sai ya tsai da ayari, ya ɗauki felu ya haƙa rami har ƙasa, ya durƙusa yana duban jikin ramin. Ya lura Labbo ba shi da surutu kuma yana da ido, sai ya riƙa jawo shi kusa yana nuna masa. Ba ƙauna ce ta sa shi ba, yana dai son wanda zai riƙa yi masa haƙan.

Labbo ya koya. Ya gane ƙanƙara hawa-hawa take kwanciya, kamar tabarmi a kan juna. In sabuwa mai nauyi ta kwanta a kan tsohuwa mai santsi, ko kuma a tsakaninsu akwai wata mai gari-gari kamar gishiri wadda ba ta dunƙuluwa a hannu, to ta saman ba ta da abin kamawa. Ya koyi duban inda iska ta kwana tana tara ta. Ya koyi tsoron rana mai ɗumi bayan zuba mai yawa. Ya koyi sauraren wata ƙara da take fitowa daga ƙarƙashin ƙafa, kamar babban sa ya yi nishi, da kuma tsagar da take gudu daga bakin takalmi ta miƙe gaba. In aka ji wannan, aka ga wannan, abin da ya kamata shi ne a zauna a jira.

Amma sau da yawa ba a jira. Sojan da ke barikokin sama suna jin yunwa, manya kuma suna aiko da faɗa. Saboda haka sarzan yana da wata dabara. Yakan tura mutum ɗaya ya ratsa gangaren shi kaɗai, ayari na tsaye a gefe yana kallo. Ba ya tura alfadari, don in alfadari ya hallaka sai ya yi wa manyansa bayani mai tsawo, in kuwa baƙin soja ne, a aiko masa da wani.

A cikin rundunar akwai wani Babarbare mai suna Ari, daga gabashin Damagaram. Shi kaɗai ne Labbo yake Hausa da shi. Bargo ɗaya suke rufa, taba ɗaya suke rabawa. Wata safiya, bayan ƙanƙara ta yi kwanaki tana zuba, suka iso wani faffaɗan gangare. Labbo ya haƙa, ya sa hannu, ya ji garin nan a ƙasa. Ya taka gefe, ya ji nishin. Ya dubi sarzan ya girgiza kai.

Sarzan ya ce cikin Faransancin bariki, a hankali yadda su biyu kaɗai suka ji, "Na gani. Amma dole a wuce yau. Kai za ka shiga, ko abokinka?"

Ari yana can baya yana gyara wa alfadari ɗauri. Labbo ya dubi gangaren, ya dubi ƙafafunsa. Sai ya nuna Ari da baki.

Da aka kira Ari, ya taho yana hura hannuwa, ya miƙa wa Labbo ƙullin tabarsa ya ce, "Riƙe mini, kada ta jiƙe. Kuma kada ka taɓa, na san ka." Ya shiga yana nitsewa har gwiwa. Ya kai tsakiya. Sai aka ji ƙara kamar an yaga sabon ƙyalle, tsaga ta keta gangaren daga sama, duk farin nan ya motsa a tare. Labbo ya ga Ari ya zauna kamar wanda aka janye wa tabarma, ya ga hannu ɗaya a sama, daga nan sai farin hayaƙi da rugugi.

Da ya lafa, sarzan ya matsa ya buga ƙafa a kan tsohuwar ƙanƙarar da ta rage, ya ji ta da tauri. Ya ce, "Yanzu hanya ta yi kyau. Abin da zai zube ya zube." Suka ratsa da alfadaransu lafiya, ba wanda ya zame. Ba a haƙa an nemi Ari ba. Labbo ya tauna tabar nan a kan hanya, don sanyi ya yi yawa.

Bayan wasu shekaru aka sallame shi da igiyar kafaran, wato kofur, a hannun riga, da ƙafar hagu wadda sanyi ya cinye wa yatsu. Ya iso gida yana ɗingishi, ya tarar ubansa ya rasu. Hamman ya zama mai gida, da 'ya'ya da rumbuna, har gonar da Labbo ya ɗauka tasa ce shi yake nomawa. Ya karɓi ƙanensa da murna ta gaskiya, ya yanka masa akuya. Ɗela ta fito tana tsokanarsa irin ta matar wa, tana cewa, "Ashe mijina ƙarami ya dawo, amma ya bar mini yatsu a ƙasar Nasara!"

Da yamma mutane suka taru a ƙofar gida su ji labari. Labbo ya fara gaya musu yadda ƙanƙara take zuba kamar gari, ta taru ta fi tsayin ɗaki, ta gangaro ta haɗiye mutum. Sai wani ya ce, "Ƙanƙarar da muka sani, wadda take faɗowa da ruwa kamar tsakuwa ta narke?" Aka fashe da dariya. Hamman ya fi kowa, har yana riƙe ciki. Ya ce, "Kai, ƙanena, soja ya koya maka zance! Daga yau sunanka Ƙanƙara." Ba da mugunta ya faɗa ba. Labbo ya yi murmushi, bai ƙarasa labarin ba, bai kuma sake ɗauko shi ba. Sunan dai ya bi shi.

Noma ya gagare shi da wannan ƙafa, zama a gidan wansa kuma ya ishe shi. A lokacin kumandan na Magaria yana neman tsofaffin soja su tsaya a kan masu aikin dole, waɗanda ake kwasowa daga ƙauyuka su gyara hanyar mota da ta tafi Damagaram. Ƙasar nan yashi ce, mota ba ta iya bi sai an zuba marmara, jan dutsen nan mai tsakuwa. Kusa da Bande akwai wani babban rami inda ake haƙo ta. Can aka tura Labbo, aka ba shi bulala da dogaran bariki biyu masu bindiga.

Ramin ya yi zurfin da in mutum ya tsaya a ciki, bangon ya ninka tsayinsa. Marmarar tana can ƙasa, don haka masu aiki sukan rarake gindin bangon da dagi, su cika kwanduna su ɗauko a ka. Da rani ba wata damuwa. Da damina ne abin yake, don lokacin ruwa yake cinye hanya, kuma lokacin kumandan yake matsa a gyara kafin motocin gyaɗa su fara zirga-zirga.

A daminarsa ta farko, bayan wani ruwa mai ƙarfi, bango ya rufta a ɓangaren wani mai tsaron, ya danne jerin mutane gaba ɗaya. Kowa na ihu, ana tono da hannu. Labbo kuwa ya zagaya ya tsaya yana duban inda bangon ya ɓalle. Ya ga yashi a sama, ya sha ruwa ya yi nauyi. Ya ga a ƙarƙashinsa wani siririn layin yumɓu mai sulɓi kamar sabulu. Ya shafa shi da yatsa. Gabansa ya faɗi, irin faɗuwar gaban wanda ya gamu da tsohon sani a baƙon gari.

Tun daga ranar, duk sanda aka yi babban ruwa, ba ya barin kowa ya sauka sai ya duba. Yakan bi bakin ramin a hankali yana neman tsaga a cikin ciyawa. In ya samu sai ya cusa kara ya ga zurfinta, ya koma can ya dawo ya ga ko ta buɗe. Yakan duba ko ruwa yana tsattsafowa ta layin yumɓun nan. Yakan buga dagi a ƙasa ya kasa kunne, don ƙasar da ta rabu da uwarta tana amsawa kamar ƙwarya. Ya san inda kwazarin ruwa ya kwana yana zuba, can ne nauyi yake. In ya gama sai ya san wane bango ne zai riƙe, wane ne yake jiran a taɓa shi.

Ya kuma san abin da ya dace. A bar ramin ya sha rana, ko a sari dogayen itatuwa a tsaya daga sama a ture abin da ke rataye. Ya gwada haka sau ɗaya. Aiki ya tsaya, kumandan ya zo a kan doki, bai tambayi dalili ba, ya mare shi a gaban mutane. Labbo ya ƙame ya sara masa. Washegari ya zaɓi mutum ɗaya, ya ba shi dagi, ya ce ya sauka ya sari gindin bangon nan, sauran su tsaya a sama. Bangon ya zo. Aka jira ƙura ta kwanta, aka sauka aka ci gaba da aiki lafiya har yamma.

Haka abin ya zama al'ada. Ba kullum mutumin yake mutuwa ba. Wani yakan ji motsi ya yi tsalle ya tsira, wani ya fita da karayar ƙugu, wani lokaci ma bangon ya ƙi zuwa. Amma duk wanda ya kwana a sansanin Bande ya ji ruwa yana dukan bukka, ya san da safe Ƙanƙara zai bi layi yana duban fuskoki. Yakan zaɓi mai tari, ko tsoho, ko baƙon da ba shi da kowa. Mata suka fara zuwa daga ƙauyuka da kaji da ƙwai, suna durƙusawa suna ambaton sunayen mazansu. Yakan karɓa ya ci, bai taɓa yi wa kowa alkawari ba. Samari da yawa suka gudu suka ƙetara ƙasar Ingilishi wajen Baɓura, suka bar gonakinsu.

Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne, in aka bi gaskiya, ramin Labbo bai kai sauran ramuka kisa ba. Shi ma ya san haka. Yakan gaya wa dogaran nan, in suna cin kaza tare, cewa gara mutum ɗaya da layi guda. Kumandan ya daina marinsa, har ya aiko masa da sabon takalmi.

A wata damina mai yawan ruwa, layin aikin dole ya faɗo kan ƙauyensu, aka kawo mutane a jere, Hamman na cikinsu. Furfura ta fara fito masa, amma muryar tana nan. Tun daga nesa ya ɗaga hannu ya ce, "Labbo! Ɗela ta ce in gaishe ka, ta ce ka yi ƙiba ka manta da mu." Mutane suka sunkuyar da kai, don ba a kiran sunansa a nan, sai dai a ce Kafaran. Labbo ya amsa gaisuwar a taƙaice, ya sa aka ba wansa bukkar da ba ta yoyo.

Ba a daɗe ba aka yi wani ruwa wanda tun azahar yake zuba har gari ya waye. Da safe Labbo ya bi bakin ramin. A bangon gabas, inda marmarar ta fi kyau, ya tarar da tsaga biyu, ɗaya kusa da baki, ɗaya can baya. Ya cusa kara a ta farko, karan ya shige duka. Ruwa yana zubowa ta layin yumɓu, ja kamar an wanke nama. Ya dawo ya bi layin mutane, ya tsaya a gaban wani dattijo mai suna Ɗantsoho, maƙwabcinsu ne a ƙauye, wanda tun zuwansa yake fama da zawo. Ya miƙa masa dagi.

Ɗantsoho ya karɓa. Sai Hamman ya fito daga layi.

Ya ce, "Labbo, wannan fa Baba Ɗantsoho ne. Shi ya yi maka kaciya. Ba ka gan shi ba ne, ko tsayuwa ba ya iyawa?"

Labbo ya ce, "Koma layi, Yaya."

"Ba zan koma ba. Na ji ana faɗin abin da kake yi a nan, ina ƙaryatawa, ina cewa ɗan'uwana ba haka yake ba. Ka bar ramin nan ya bushe mana. Me zai faru in an jira?"

Mutane sun zuba ido, dogaran ma sun zuba ido. Labbo ya dubi wansa. Ya ce, "Dole wani ya sauka. In ba ka son shi ya sauka, karɓi dagin."

Hamman ya dube shi, ya yi wata 'yar dariya, irin ta wanda yake ganin ƙanensa yana cika baki ne a gaban jama'a. Ya karɓi dagin daga hannun tsohon. Ya matso kusa, ya rage murya ya ce, "To, tsakaninka da Allah, zai riƙe?"

Labbo ya san amsar. Ya nemi wani abu a ƙirjinsa da zai hana shi, ya jira ya ji, bai ji komai ba sai ciwon ƙafarsa da sanyin safiya ya tayar. Ya ce, "Sauka, Yaya. Rana tana yi."

Hamman ya ɗauka wannan ita ce amsar. Ya naɗe wandonsa ya sauka, ya yi bismilla ya fara sara. Bai yi sara da yawa ba bangon ya saki. Hamman ya ji shi, ya juya ya gudu, amma laka ta riƙe masa ƙafa. Da ƙura ta kwanta sai aka gan shi da rai, ƙasa ta binne shi har ƙirji, hannu ɗaya a waje.

Mutanen ƙauyensu suka zabura za su sauka. Labbo ya daka musu tsawa, ya ce da dogaran su ɗaga bindiga. Ya nuna sama. Tsaga ta biyu ta buɗe har hannu zai shiga, wani ƙaton ɓangare yana rataye daidai kan Hamman, yashi yana zubowa daga gindinsa kaɗan-kaɗan. Ya ce, "Duk wanda ya sauka, tare za a binne su. Ba mai sauka sai wancan ya zo."

Gaskiya ya faɗa, kowa ya ga haka da idonsa. Suka roƙe shi a jefa igiya. Aka jefa, Hamman ya kama da hannu ɗaya, aka ja, ya yi ƙara ya saki, don ƙasar ta riƙe shi gam. Aka zura masa ruwa a gora, bai kai gare shi ba. Daga nan ba abin da ya rage sai kallo.

Hamman ya yi ta kira. Da fari yana cewa, "Labbo, ka sa a tono ni mana, ai ba nisa." Can ya koma kiran mutanen garinsu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, kowa ya ji nasa sai ya kau da kai. Da rana ta take, muryar ta dushe, ya koma salati. Ɗantsoho ya zauna a laka yana kuka kamar yaro. Labbo yana tsaye a bakin ramin, inda wansa zai iya ganinsa, hannuwa a baya, yana duban karan da ya kafa a tsaga ta biyu. Wajen azahar karan ya kwanta, ɓangaren ya zo.

Labbo ya bari ƙura ta lafa, ya sauka shi da kansa ya buga dagi a sabon bangon, ya ji ya amsa da ƙarfi. Ya ce a ɗauki kwanduna. Marmarar da ta zubo tana da yawa kuma mai kyau ce, ba ta bukatar sara. Aka yi ta kwasa ana kaiwa hanya, kuma a cikin kwasar ne, dab da la'asar, aka kai ga Hamman.

Labbo ya sa aka ɗora gawar a kan jaki, ya bi ta har ƙauye. Tun da shi ne ɗan'uwan mamaci, shi ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa. Mutanen da suka tsaya a bakin ramin nan suka riƙa shigowa suna durƙusawa a gabansa suna cewa, "Allah ya ba ka haƙuri, Kafaran." Yana amsawa, "Amin, na gode." Da ya shiga cikin gida ya gai da Ɗela, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya bar mata buhun gero ya koma Bande.

Ya ci gaba da aikinsa har shekarar da aka soke aikin dole, bayan babban yaƙin Nasara. Ramin ya cika da ruwa, shanu suka riƙa sha. Labbo ya dawo ƙauye da ɗan abin da Nasara yake ba tsofaffin soja, ya gina ɗakin ƙasa a bakin gari. Ya yi aure sau biyu, duk matan suka gudu ba tare da ya taɓa dukansu ba. Ba a gayyatarsa suna, ba a gayyatarsa biki. Amma in damina ta yi ƙarfi, rijiya ta fara zubar da ƙasa, sai a aika a kira shi, don ba mai yarda ya zura ɗansa a ciki sai Ƙanƙara ya duba. Yakan zo ya leƙa, ya buga, ya saurara, ya faɗi abin da ya gani. Yawanci yana dacewa. Akwai dai wata rijiya a hanyar Dungas da ya ce ba za ta kai kaka ba, aka bar ta, ta kuwa tsaya shekara da shekaru. In ya sha ruwa ya tafi, matan gidan sukan ware ƙwaryar su ba kaji.

Da tsufa ya zo, wata rana ya faɗi a bakin ɗakinsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hagun kuwa ita ce mai guntuwar ƙafa. 'Ya'yan Hamman, waɗanda yanzu magidanta ne, suka ce ba ruwansu. Ɗela ce ta tara su ta ce, "Ƙanen ubanku ne. Ba za a ce ya mutu da yunwa a garinmu ba." Gari ya yi ta yaba mata, liman har ya ambace ta a wa'azi.

Kullum da hantsi sai ta zo da kwanon tuwo da miya mai kyau, da ɗan tulun ruwa. Labbo yana kwance a kan tabarma a ƙuryar ɗaki. Takan yi sallama, ta ce, "Ina kwana, Kafaran? Yaya jiki?" Sai ta ajiye kwanon a waje, can bayan dokin ƙofa, a cikin rana, ta buɗe murfin. Ta koma gindin itacen bedi ta zauna a kan turmi tana tsefe audugarta.

Labbo yakan kifa ciki ya ja jiki da gwiwar hannu ɗaya. Kaji sun san lokacin, sukan riga shi isa. Wani lokaci akuya ta zo ta kifar da ruwan. Ɗela ba ta korarsu. In ya iso ya ci abin da ya rage, ya lashe kwanon, sai ta taso ta ɗauka ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi," ta tafi. Komawa cikin inuwa kuma sai ya kai shi har azahar.

Sau ɗaya ya roƙe ta. Bakinsa ya karkace, maganar ba ta fita sosai. Ya ce, "Ɗela, matso mini da shi."

Ta ɗago kai ta dube shi da kyau, ta ce, "Ga shi nan ai, Kafaran. Ba nisa." Ta koma kan audugarta.

Haka suka yi har rani ya wuce, bazara ta shigo da zafinta. Gwiwar hannunsa ta saɓule, ƙudaje suka same ta. Wata safiya Ɗela ta zo ta tarar da shi kwance rabi a ciki rabi a waje, fuskarsa a ƙasa. Ta yi sallama, bai amsa ba. Ta sake yi, ta jira. Sai ta juye tuwon a gindin bedi, ta biya ta gidan liman ta gaya masa, ta wuce rijiya ta wanke kwanonta.

Da la'asar aka binne shi. Mutane sun fito da yawa, kuma da aka dawo daga maƙabarta gidan Ɗela aka nufa, ana yi mata gaisuwa, ana sa mata albarka saboda ɗawainiyar da ta yi.